Filin Amsa Tambayoyi: Musulmi Baƙar Fata Tsakanin Wariya Biyu

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙu huɗu da suka zo mana daga wurare daban-daban, domin dukkansu suna zagaye al'amari guda ne, wato halin da Musulmi baƙar fata yake shiga idan ya tsinci kansa a ƙasar da ake ƙyamar addininsa kuma ake raina launin fatarsa. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a Amurka kuma ina shirin tafiya. Yayana ya ce abin da zan yi hattara da shi shi ne wariyar launin fata, ƙawata kuma da ta taɓa zama can ta ce hijabina ne zai jawo mini ido. Wanne ne daga cikin biyun ya fi damun Musulmi baƙar fata a can? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Yayanki da ƙawarki duk sun faɗi gaskiya, sai dai kowannensu ya kama ɓangare ɗaya ne. Wanda ya tashi a Zariya ko Kano bai saba kallon kansa a matsayin "baƙar fata" ba, tunda kusan duk wanda yake gani haka yake, bai kuma saba jin kansa a cikin tsiraru saboda Musulunci ba. Ranar da ya sauka a filin jirgin sama na ƙasar waje ake ɗora masa waɗannan sunaye biyu a lokaci ɗaya, kuma ba shi ne zai zaɓi wanda za a kira shi da shi ba. Jami'in shige da fice yana kallon sunan da ke cikin fasfo, ɗan sandan sintiri yana kallon fata tun daga nesa, mai gidan haya ko mai ɗaukar aiki kuwa yana iya haɗa duka biyun ya yanke hukunci ba tare da ya furta komai ba.

Bari mu fara da adadi. Binciken cibiyar Pew na shekarar 2017 ya ƙiyasta Musulmin Amurka kusan miliyan uku da rabi, kuma kashi ɗaya cikin biyar daga cikinsu baƙaƙen fata ne, kusan rabin waɗannan kuma musulunta suka yi. Duk da wannan yawa, idan aka ce "Musulmi" a kafafen labaran ƙasar, hoton Balarabe ko ɗan Pakistan ne yake zuwa a zuciya, idan kuma aka ce "baƙar fata", sai a hango majami'a. Musulmi baƙar fata yakan faɗa tsakanin hotunan nan biyu, ya sha wahalar kowanne, amma a manta da shi wajen lissafi.

Birnin New York ya ba da misali mafi bayyana. A shekarar 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo cewa rundunar 'yan sandan birnin tana da wani sashe na musamman da ke leƙen asirin masallatai da shagunan abinci da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi. Sashen yana da jerin asali 28 da ya ce abin sa wa ido ne, yawancinsu sunayen ƙasashen Musulmi, amma a cikin jerin har da "Musulmi baƙar fata ɗan Amurka", wato mutumin da kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar. A wannan shekarar dai rundunar ta tsayar da mutane a kan titi domin bincike fiye da sau 685,000, fiye da rabinsu baƙaƙen fata, kuma kusan tara cikin goma ba a same su da laifin komai ba. Ki kwatanta matashin da ke zaune a unguwar Harlem ko Bronx a lokacin: ana lalube aljihunsa a kan hanyar masallaci saboda fatarsa, yana shiga masallacin kuma akwai mai rubuta abin da aka faɗa a huɗuba. Kotu ta yanke a 2013 cewa yadda ake tsayar da mutanen ya saɓa wa tsarin mulki, an kuma rufe sashen leƙen asirin a 2014.

Tun kafin wannan akwai labarin Amadou Diallo, Bafulatani ɗan ƙasar Gini mai shekara 23 da ke sayar da kaya a bakin titi. A daren 4 ga Fabrairun 1999 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidan da yake zaune a Bronx, 19 suka same shi, alhali jakar kuɗinsa ce ya ciro daga aljihu. An wanke su duka huɗun a kotu a shekarar 2000. Babu wanda ya tambayi addininsa kafin a harbe shi, fatarsa kaɗai aka gani. Musulmi ne, aka kuma yi masa jana'iza aka mayar da gawarsa Gini.

A matakin gwamnati ma abin ya fito fili. Dokar hana shiga ƙasa da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 27 ga Janairun 2017, wadda jama'a suka laƙaba wa suna dokar hana Musulmi, ta shafi ƙasashe bakwai, uku daga cikinsu na Afirka: Libiya da Somaliya da Sudan. A watan Satumbar shekarar aka ƙara Chadi, duk da irin rawar da sojojinta suka taka a yaƙi da Boko Haram, kafin a cire ta a Afrilun 2018. Da aka faɗaɗa dokar a ƙarshen Janairun 2020, huɗu daga cikin ƙasashe shida da aka ƙara na Afirka ne, wato Najeriya da Eritiriya da Tanzaniya da Sudan, wadda aka cire a baya aka sake mayar da ita. Daga nan wasu suka fara kiranta dokar hana 'yan Afirka, kuma a ganina sunayen biyu duk sun dace da ita.

Wata malamar shari'a Ba'amurkiya, Kimberlé Crenshaw, ta ba irin wannan hali suna a shekarar 1989, ta kwatanta shi da mararrabar hanya, inda mota ke iya bugun mutum ta gabas ko ta kudu ko ta duka biyun, kowane direba kuma ya ce ba shi ba ne. Ta kafa hujja da ƙarar da wasu mata baƙaƙen fata suka kai kamfanin General Motors, wadda kotu ta yi watsi da ita a 1976 da cewa kamfanin yana ɗaukar mata, yana kuma ɗaukar baƙaƙen fata. Matan da ake ɗauka kuwa farare ne, baƙaƙen kuma maza ne. Wannan ramin ne Musulma baƙar fata mai hijabi take iya faɗawa, domin ita abu uku take ɗauke da su. Dubi Ilhan Omar, 'yar asalin Somaliya da aka zaɓa Majalisar Wakilai a 2018. Sai da aka sauya wata ƙa'idar majalisar ta tun 1837 da ta hana rufe kai a zauren kafin ta zauna da ɗankwalinta, kuma a watan Yulin 2019 taron magoya bayan shugaban ƙasa ya yi ta rera cewa a mayar da ita inda ta fito.

Ban faɗi wannan don in karya miki gwiwa ba. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta nuna bambanci a wurin aiki saboda launi ko addini ko jinsi ko asalin ƙasa, kuma a 2015 Kotun Ƙoli ta ba wata budurwa gaskiya a kan wani kamfanin tufafi da ya ƙi ɗaukar ta aiki saboda hijabi. Jami'o'i suna da ofisoshin karɓar ƙorafi. Idan wani abu ya faru, ki rubuta rana da lokaci da kalaman da aka yi, kuma wajen cike takardar ƙorafi kada ki bari a tilasta miki zaɓar dalili ɗaya idan kina ganin biyu ne. Ki kuma nemi masallatan 'yan Afirka ta Yamma da na baƙaƙen Amurka, domin sun riga ki sanin garin. A Bronx ma akwai masallatan 'yan zangon Gana inda za ki ji ana hira da Hausa bayan sallah.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mu a nan Faransa ce 'ya'yanmu suka fi zuwa. Ana ce mana can doka ba ta san launi ko addini ba, kowa ɗan ƙasa ne. To ta yaya za a ce akwai irin wannan wariya? Daga wani dattijo a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, Alhaji. A rubuce haka abin yake, kuma saboda wannan aƙida ne hukumomin Faransa ba sa ƙidayar jama'a bisa launi ko addini. Matsalar ita ce abin da ba a ƙirga shi yana da wuyar kafa hujja a kansa. Duk da haka, hukumar kare haƙƙin jama'a ta ƙasar da kanta ta fitar da rahoto a 2017 da ya nuna cewa samarin da ake ɗauka baƙaƙe ne ko Larabawa sun ninka sauran jama'a sau ashirin wajen yiwuwar 'yan sanda su tsayar da su su nemi takardun shaida. A ɗaya ɓangaren kuma ga dokokin sutura da suka bi juna: hana alamomin addini a makarantun gwamnati a 2004, hana niƙabi a bainar jama'a a 2010, sai hana abaya a makarantu a 2023. Iyali ɗaya 'yan asalin Mali ko Senegal ko Nijar suna iya samun ɗansu namiji yana fama da na farko, 'yarsu kuma tana fama da na biyu, duk a unguwa ɗaya.

Ranar Juma'a 25 ga Afrilun 2025 wani mutum ya daɓa wa Aboubakar Cissé, matashi ɗan Mali, wuƙa har lahira a cikin masallacin garin La Grand-Combe da ke kudancin Faransa, ya ɗauki abin a wayarsa yana zagin Allah. Ofishin masu gabatar da ƙara kan ta'addanci bai karɓi shari'ar ba, kuma Musulmi da yawa sun yi ƙorafin cewa manyan jami'ai sun yi sanyin jiki wajen zuwa jaje, suna tambaya ko da haka za a yi in da mamacin wani ne daban.

A faɗin Turai kuwa, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Turai ta fitar da rahoto a 2024 inda kashi 47 cikin 100 na Musulmin da aka tambaya suka ce an nuna musu wariya cikin shekaru biyar da suka gabata, alhali a 2016 kashi 39 ne. Ostiriya da Jamus da Finland ne suka fi yawa, kuma rahoton ya lura cewa Musulmi 'yan asalin Afirka kudu da Sahara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

TAMBAYA: Malam, ni na ɗauka duk wannan ya faro ne bayan harin 11 ga Satumbar 2001. Ko akwai shi kafin nan? Daga wani malamin sakandare a Kano.

AMSA: Malam, harin 2001 ya hura wutar ne, amma garwashin ya daɗe, kuma Musulmin farko da suka ɗanɗana shi a nahiyar Amurka daga yankinmu aka kwashe su. Ayuba Sulaiman Diallo, ɗan malami daga Bundu a Senegal ta yau, an sayar da shi zuwa Maryland kafin ya samu 'yanci ya koma gida a 1734. Umar ɗan Sa'idu daga Futa Toro ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a Carolina ta Arewa, kuma a cikin bautar ya rasu.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Bahia a Brazil. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa da yawa hannun masu cinikin bayi, aka tsallaka da su teku, kuma tun a 1807 hukumomin Bahia suka bankaɗo wani shirin tawaye na bayi Hausawa. A daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, ana ƙarshen Ramadan, ɗaruruwan Musulmi 'yan Afirka, yawancinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka fito titunan Salvador, babban birnin Bahia, sanye da fararen riguna da layu. An murƙushe su cikin sa'o'i. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa da tambayarka: 'yan sanda suka bi gida-gida, duk wanda aka samu da takarda mai rubutun Larabci ko allo ko laya sai ta zama shaidar laifi a kansa. An kashe wasu, an yi wa wasu bulala, an kori da yawa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Baƙar fata ce ta sa aka bautar da su, iya karatun Alƙur'ani kuma shi ya sa aka fi jin tsoron su.

A ƙarni na ashirin hukumar FBI ta shafe shekaru tana bibiyar ƙungiyar Nation of Islam da aka kafa a Detroit a 1930, ta kuma sanya ta cikin ƙungiyoyin baƙaƙen fata da take son rusawa a ƙarƙashin shirin sirri na COINTELPRO. Aƙidar ƙungiyar ta asali ta saɓa wa Musuluncin da muka sani, kuma sai bayan 1975 ne Warith Deen Mohammed, ɗan shugaban ƙungiyar, ya ja mafi yawan mabiyan mahaifinsa zuwa tafarkin Sunna, amma hukuma ba ruwanta da wannan bambanci. Malcolm X, wanda ya yi aikin Hajji ya kuma ziyarci Najeriya a 1964, yana ƙarƙashin sa ido har aka kashe shi a Fabrairun 1965. Muhammad Ali ya rasa kambunsa na dambe a 1967 saboda ƙin shiga yaƙin Vietnam bisa dalilin addini, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta wanke shi. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne fursunoni Musulmi baƙaƙe ne suka buɗe ƙofar 'yancin ibada a gidajen yarin Amurka ta hanyar ƙararraki, musamman hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 da ya ba wani fursuna a jihar Illinois damar ƙarar hukuma saboda hana shi littattafan addininsa.

TAMBAYA: Malam, kullum Turawa kuke zargi. Ni na yi aiki a wata ƙasar Larabawa, kuma a can aka fara kira na "bawa" a kan titi, waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci. Me ya sa ba ku faɗin wannan? Daga wani ɗan zango a Kumasi.

AMSA: Ɗan'uwa, ka yi gaskiya, kuma Allah ya ba ka haƙuri a kan abin da aka yi maka. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ciwo, domin mutum yana iya jure zagin bare, amma na wanda suke fuskantar alƙibla ɗaya yakan daɗe a zuciya. Kalmar "abd" da jam'inta "abid" har yau tana yawo a bakin wasu a matsayin sunan baƙin mutum, kuma tushenta tsohon cinikin bayi ne ta Sahara da Bahar Maliya, wanda bai daɗe da ƙarewa ba kamar yadda ake zato: Saudiyya ta haramta bauta a 1962, Muritaniya a 1981, kuma sai a 2007 ta mayar da ita laifin da ake hukuntawa.

Magabatanmu ba su yi shiru a kai ba. A wajajen 1391 Mai Usman ɗan Idris na Borno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana kukan cewa wasu ƙabilun Larabawa suna kama talakawansa Musulmi 'ya'ya, waɗanda ba bayi ba, suna sayar da su a Masar da Sham. A 1615 kuma Shehu Ahmad Baba na Timbuktu, wanda shi kansa Marokawa suka taɓa kai shi Marrakesh a ɗaure, ya amsa tambayar mutanen Tuwat, wani yanki a Saharar Aljeriya ta yau, game da bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙaƙe. Ya ce launin fata ba shi da wata alaƙa da bauta, ya yi watsi da tatsuniyar cewa baƙaƙe zuriyar la'ananne ne, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Borno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Bai soke bauta gaba ɗaya ba, mutumin zamaninsa ne, amma buƙatar da aka samu ta irin wannan fatawa ta nuna cewa a kasuwannin arewacin Sahara an riga an fara ɗaukar baƙar fata a matsayin shaidar bauta.

A zamaninmu, a Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna ana gwanjon 'yan ci-rani 'yan Afirka a Libiya. A Fabrairun 2023 Shugaban Tunisiya Kais Saied ya ce zuwan baƙi daga kudu da Sahara makirci ne na sauya asalin al'ummar ƙasarsa, sai aka shiga korar mutane daga gidajen haya da wuraren aiki ana dukan su, har Gini da Mali da Kodibuwa suka aika jirage suka kwashe 'yan ƙasarsu, da yawansu Musulmi. Tunisiyar nan kuwa ita ce ta soke bauta tun 1846, ta kuma kafa dokar hukunta wariyar launin fata a 2018.

A masallatan Amurka ma ana wannan muhawara. Lokacin da aka kashe ɗalibai Musulmi uku 'yan asalin Larabawa a Chapel Hill a Fabrairun 2015, duniyar Musulmi ta girgiza, kuma ya dace ta girgiza. Bayan shekara guda aka kashe samari uku 'yan asalin Afirka a Fort Wayne ta jihar Indiana, biyu daga cikinsu Musulmi, amma shirun da manyan ƙungiyoyi suka yi da farko ya sa matasa baƙaƙe suka fito suna tambayar dalili, ko da yake 'yan sanda sun ce kisan ba na ƙiyayyar addini ba ne. Irin wannan ƙorafi, tare da na ƙin aurar da 'ya ga baƙar fata da rashin ba su kujerun shugabanci, shi ya sa wasu mata biyu, Margari Hill da Namira Islam, suka kafa ƙungiyar MuslimARC a 2014 domin yaƙar wariyar launi a tsakanin Musulmi su kansu.

Ta fuskar addini babu shubuha. Aya ta 22 a Suratur Rum ta sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, aya ta 13 a Suratul Hujurat kuma ta rataya ɗaukaka a kan taƙawa. A cikin Sahihul Buhari, da Abu Zarr ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa shi mutum ne da ke da sauran jahiliyya a tare da shi. Idan ka sake haɗuwa da mai kiran ka da wannan suna, hadisin nan ya ishe ka amsa, kuma da harshensa aka ruwaito shi. Mu ma nan gida da sauran aiki a gabanmu, tunda har yanzu ana tona asalin bauta idan maganar aure ta taso a wasu gidaje, kuma kasuwar man bilicin ba ta taɓa yin kwantai ba daga Kano har Kumasi.